Layi Biyu da Ɗigon Jini

Wata Talata da damina na kai ƙaramar 'yata asibitin unguwarmu, jikinta zafi rau. Malamar asibitin ta goge mata ɗan yatsa da auduga, ta soka, ta ɗebi ɗigon jini ta sa a ramin wata 'yar farar roba mai tsawon yatsa. Ta ɗiga ruwan gwaji, ta dubi agogo, ta rubuta lokacin a jikin robar. Bayan kamar minti 15 sai ga layi biyu sun fito.

"Malam, zazzaɓin cizon sauro ne," in ji ta. Na miƙa hannu in karɓi takardar magani, sai ta ce, "Ɗan dakata in shigar tukuna." Ta juya ga kwamfuta, ta buɗe shafin yarinyar da lambar katinta, ta cika gurabe ɗaya bayan ɗaya: irin gwajin, abin da ya nuna, rana da lokaci, da sunan wadda ta yi. Sai da ta gama sannan ta jefa robar cikin kwandon shara.

Wannan robar ce ta tsaya mini a rai. Jinin da aka tura babban ɗakin gwaji yana dawowa da takardarsa, da hatimi da sa hannu. Amma gwajin da aka yi nan take a gaban likita ba shi da shaida sai idon wanda ya karanta. Ba a ma ajiye robar don a duba gobe, domin layin da ya bayyana bayan lokacin karantawa ya wuce ba abin dogaro ba ne. In ba a rubuta ba, sakamakon ya bi robar zuwa shara.

Bayan mako uku zazzaɓi ya dawo, muka koma asibitin, muka tarar da wani likita daban. Kafin ya taɓa yarinyar sai da ya buɗe shafinta, ya ga ranar gwajin farko da maganin da aka ba ta. Ya ce mini yawancin irin wannan gwajin yana gano wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke saki, kuma sinadarin kan yi makonni a jini bayan ƙwayar ta mutu. Ke nan in an sake yi, layi biyu na iya fitowa alhali ta warke. Ya sa aka duba jinin da madubin likita, ba a ga komai ba. Da ya haska kunnenta, sai ga inda ciwon yake. Da tsohuwar zuma ake magani; da malamar nan ba ta tsaya ta rubuta ba, da an sake ɗura wa yarinya maganin maleriya, kunne na can yana ruruwa.

Rubutun ma ya kamata ya cika. Mai ciwon suga in an rubuta masa 7 kawai, ba a faɗi komai ba. Akwai na'urar da ke nuna 7, akwai wadda za ta nuna 126 a kan jini ɗaya, domin ma'auninsu ya bambanta. Sannan kafin karin kumallo aka auna, ko bayan ya sha koko? Shi ya sa kowane bayani yake da gurbinsa a kwamfuta. In an cusa shi cikin dogon labarin likita, mai nema ba zai gan shi da wuri ba.

Haka kuma "babu" ita ma sakamako ce. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada kafin a ba da maganin maleriya, a 2012 kuma ta ƙaddamar da shirin gwaji, magani da bin sawu. Bin sawun nan ba ya yiwuwa sai da rubutu. Daga abin da ƙananan asibitoci ke aikawa duk wata ake sanin yawan zazzaɓin da ba na sauro ba ne, da yawan kayan gwajin da za a tura kowace ƙaramar hukuma.

Na san layin marasa lafiya yana da tsawo, wuta kuma ana ɗauke ta ba sallama. Duk da haka a rubuta a rajista nan take, a shigar da zarar wuta ta dawo, kada a kwana da shi a ka. Ɗan Adam ajizi ne. Mai shago ma ba ya yarda da ƙwaƙwalwarsa kan bashin sabulu, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Jinin da aka ɗiba daga yatsan yaro amana ce da ta fi kuɗin sabulu nauyi.

Mu ma masu kai marasa lafiya muna da namu rabon. Mu adana lambar kati, kada mu buɗe sabo duk zuwa, kuma kafin mu tashi mu tambaya cikin ladabi, "Malama, an shigar?"