Bakin Kogin Yamai: Na Wa Ne?

Kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, yakan yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 daga duwatsun Gine zuwa teku, kuma kimanin 550 daga ciki a ƙasar Nijar suke. A Yamai ya raba birni biyu, gadar Kenedi ta haɗa gaɓoɓin tun 1970. A bakinsa masunta ke shanya koma, masu wanki na bugun tufafi, majeman Gamkale na jiƙa fatu, manoman Saga da Kirkisoy na dashen shinkafa. Da la'asar kuma sai ga iyalai sun fito shan iska. Kowannensu na ganin wurin nasa ne. To, wa ya cancanci ya yanke shawarar yadda za a tsara shi?

Doka ta ba da tata amsa. Dokar ruwa ta 2010 ta sanya kogi cikin dukiyar al'umma, kuma ƙasashe 9 na Hukumar Kogin Isa, mai mazauni a Yamai, sun amince da yarjejeniyar ruwa a 2008. Sai dai abin da aka ce na kowa ne yakan zama maraya. Mai zuba shara a kwarin Guntu Yena ya san damina za ta kai ta kogi, amma yana ganin tasa kaɗan ce. Mai gina gida a hanyar ruwa shi ma yana da hujjarsa, domin fili a kan tudu ya fi ƙarfin aljihunsa.

Kogin kuwa ya sha yin gargaɗi. A watan Yuni na 1985 ya daina gudu a Yamai saboda fari. A 2012 da 2020 ya fasa shingayen kariya, ya shiga unguwannin Harobanda, kuma a Satumban 2020 tsayinsa ya kai kimanin mita 7. Cikar da ta fi ɓarna ita ce ta jan ruwa, wadda ke zuwa a Agusta da Satumba daga rassan Sirba da Dargol da Gorwal. Ƙasar can ta rasa itatuwa ta ƙeƙashe, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwararo da yashi yana cike cikin kogi. Ke nan gatarin da ya sari itace nesa da birni yana da hannu a rushewar ɗaki a Lamorde.

Idan ana maganar gyara, waɗansu sukan hango lambuna da fitilu da kujerun hutawa. Wannan buri ba laifi ba ne, domin ɗan birni na da haƙƙin inuwa da kallon ruwa. Amma gyaran da zai fara da korar mai wanki da mai garka, ba tare da an ji ta bakinsu ba, ƙwace ne ko da an yi masa ado. Su ne suka san inda ruwa ke fara shiga, da inda gaɓa ke zaftarewa. Haka nan, barin talaka ya kwana a hanyar ambaliya da sunan tausayi ba alheri ba ne. Idan tashi ya zama dole, adalci shi ne a ba shi matsuguni, a kuma bar masa hanyar zuwa sana'arsa.

Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba shawarar unguwa wurin zama a wancan lokaci. Abin da ya rage shi ne a zauna tun kafin a zana taswira: masu unguwanni, da sarkin ruwa, da ƙungiyoyin mata, da ma'aikatan magajin gari. A ware inda ba za a yi gini ba, a bar shi ga garake da itatuwa da filin wasan yara, domin irin wannan fili yakan sha ruwa ya koma daidai. A bar hanyar ƙafa a buɗe, kada katangar mai hali ta tare gaɓa.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na da nasu rabo. Yaron da aka kai bakin ruwa ya auna cikarsa, ya ji tarihin Sorkawa daga bakin dattijo, da wuya ya girma ya mai da wurin juji. Jinka ce mai nauyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukarta, kuma waɗanda za su zauna a ƙarƙashinta ba a haifi yawancinsu ba tukuna.