SAU BAKWAI A KOGIN URDUN: SAƘO DOMIN RANAR MARASA LAFIYA TA DUNIYA



A shekarar 1992 ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe ranar 11 ga Fabrairu, idin Uwarmu Maryamu ta Lourdes, domin tunawa da marasa lafiya, aka kuwa fara kiyaye ta a 1993. Saboda wannan rana ina so mu yi tunani a kan Na'aman, wanda labarinsa ke cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5.

Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, amma kuturu ne. Da ya isa ƙofar annabi Elisha, sai aka aiko masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Ya husata, gama yana sa rai a kan babbar mu'ujiza, ga shi an ba shi ɗan ƙaramin aiki. Saura kaɗan girman kai ya mayar da shi gida da cutarsa.

Urdun namu na yau shi ne ɗakin gwaji a asibiti. Ciwon daji, wato sankara, yakan fara ne a ɓoye ba tare da zafi ba. A Nijeriya sankarar mama ita ce kan gaba a cikin mata, ta bakin mahaifa na bin ta. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta bakin mahaifa, kuma takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Duk wannan lokaci Allah ya ba mu domin mu riga ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mata su fara gwaji daga shekara 30, masu ɗauke da HIV kuwa daga 25. A wurare da yawa da ruwan khal ake duba bakin mahaifa, cikin 'yan mintoci a gama. Tun Oktoba 2023 kuma ƙasarmu ta shigo da allurar rigakafin HPV domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Iyayenmu mata, duk wadda ta ji kullutu a mama ko a hammata, ko ta ga jini bayan ta daina al'ada, kada ta jira ya yi zafi. Yawancin kullutu ba sankara ba ne, amma likita ne zai tantance. Kunya halin kirki ce, sai dai kunyar da za ta bar 'ya'ya marayu ba ta Allah ba ce. Ku roƙi ma'aikaciya mace ta duba ku. Iyayenmu maza, wanda ya kai shekara 45, ko fitsari ke ba shi wahala, ya tuntuɓi likita a kan gwajin furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara.

Waɗansu sukan ce zuwa gwaji rashin bangaskiya ne, ko kuwa sammu ne aka yi musu. Littafin Sirak, sura 38, ya koya mana mu girmama likita, mu kuma yi addu'a, gama warkarwa daga Allah take. Shafewar Marasa Lafiya da maganin asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Ku lura kuma, sai a nutso na bakwai Na'aman ya tsarkaka. Bayan an yi wa mace tiyatar mama, hannu kan kumbura, kafaɗa ta sage. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kan kasa riƙe cokali. Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu ke nan: koya wa majinyaci komawa ga ayyukansa na kullum, kamar wanka, sa tufafi, ɗaura ɗankwali, tuƙa tuwo, riƙe allura ko fartanya. Ku tambaya a manyan asibitoci a nuna muku su. Aikin maimaici ne, mai gajiyarwa, kuma da yawa sukan daina a nutso na biyu. 'Yan gida, kada tausayi ya sa ku yi wa majinyaci kome da kome. Ku tsaya kusa, ku bar shi ya gwada da kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe, wa ya kai Na'aman ga warkewa? Wata ƙaramar baiwa 'yar Isra'ila ce ta fara magana, bayinsa kuma suka lallashe shi ya shiga ruwan. Wannan shi ne aikinmu. Magidanta, ku ba da izini, ku ba da kuɗin mota, ku raka matanku. Zumuntar Mata, ku tsai da rana ku tafi gwaji tare. Katikis, ku maimaita wannan saƙo a ƙauyuka. Wanda aka samu da cutar, kada mu guje shi, gama sankara ba ta yaɗuwa ta cin abinci tare. Maganinta da tsada, sai mu haɗa hannu mu ɗauki nauyin.

Ta wurin roƙon Uwarmu Maryamu da Waliyyi Peregrine, mai roƙo domin masu ciwon daji, Ubangiji ya ba mu tawali'un zuwa, da haƙurin komawa har sau bakwai. Amin.