Haƙƙin Mai Jinya A Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk sa'ad da damina ta yi nisa, zazzaɓin cizon sauro yakan kwashi yaranmu daga Hamdara zuwa Mirriya, wanda jikinsa ya tsananta a wuce da shi Babban Asibitin Damagaram. Malaman asibiti suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma wa ke kwana a tabarma gefen gado, ana fifita, ana wanki, ana lura da ƙarin ruwa? Uwa ce, ko kaka. Mu maza kuwa mu leƙa sau ɗaya, mu ce "Allah ya sauwaƙe", mu koma gona.

Sayyidina Usmanu ɗan Affan bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira. Annabi (SAW) ne ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya, ƴar Annabi, sa'an nan ya ba shi rabonsa na ganima, ya yi masa albishir da ladan wanda ya halarta. Buhari ya ruwaito. Namiji ne fa, kuma Badar ce!

A 2006 gwamnati ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma abincin mai jinya da kuɗin mota ba su ciki. Wannan namu ne. A kai mata fura da tuwo. Maƙwabta su riƙe yaran da ta baro gida. Samari su yi wa uban yaron gayya a gonarsa, ya samu ya karɓe ta ko da kwana ɗaya. In kuma an nemi jini, kada mu ɓuya.