Uwa Mai Hoto da Mas'alar Tsare Inuwa

A garin Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, inda Igbira da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Hausawa suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya ƙarƙashin sarautar Ona, tun kafin a yanko ƙasar daga Jihar Kwara a haɗa ta da Babban Birnin Tarayya bisa dokar 1976, akwai wata sana'a wadda a da ba a san ta ba sai a hannun maza, yanzu kuwa ta fara shiga hannun mata, har da masu goyo, wato ɗaukar hoton yara. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, domin ranar suna, ko walimar saukar Alƙur'ani, ko hantsin Sallah, yaran suna can cikin gida tare da iyayensu mata, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, ita kuwa mace sallama kawai za ta yi ta shige har ɗakin mai jego.

Sai dai duk macen da ta rataya kyamara a ƙasar Musulmi, ba ta rasa wanda zai tare ta da tambayar nan: ashe hoto ba haram ba ne? Tambayar ba ta raini ba ce, domin hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, waɗanda za a buƙaci su hura rai cikin abin da suka suranta alhali ba su da iko. Amma fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, wadda ita ce karatunmu tun daga Risala har zuwa Muhtasar na Halilu da sharhin Dardiri, sun bambance tsakanin sura mai jiki, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda ke da inuwa, ita ce haramtacciya, da zanen da ke shimfiɗe a kan bango ko takarda, wanda iyakarsa karhanci; suka kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, saboda abin da ya tabbata na wasan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Da na'urar hoto ta bayyana a Faransa a 1839 ta bazu cikin duniya, sai Shehu Muhammadu Bahit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana kafa hujja da cewa mai hoto bai ƙagi kome ba, inuwar da Allah Ya halitta ce kawai ya tsare, kamar yadda madubi ke nuna ta. Akwai malaman da ba su gamsu ba, saɓaninsu kuwa abin girmamawa ne. Amma ni a ganina hujjar muftin ta fi ƙarfi, kuma matar da ta bi ta tana kan madogara.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗauka cewa da an ce halal ne magana ta ƙare, alhali a nan ne ma take farawa, domin halaccin na'ura daban, adabin mai riƙe da ita daban.

A duba yadda irin wannan mata take girma cikin sana'arta. Da fari hankalinta duk yana kan ƙarfe: ina haske ya faɗo, yaya za a hana hoto dishi-dishi, nawa za a kashe wajen wanki da firam. In ta daɗe, sai ta gane cewa yaro ba ya bin umarni irin na babba, ba a ce masa ya daidaita wuya ya daidaita, don haka dole ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa idonta ya yi daidai da nasa, ta kaɗa masa makullai, ta goge masa majina da gefen mayafinta, ta gyara kwallin da hawaye ya ɓata, sa'an nan ta jira, wani lokaci har uwar yaron ta gaji ta fara ba da haƙuri, kafin fuskar ta saki ta koma yadda Ubangiji Ya yi ta. Wannan jira ba a makaranta ta koye shi ba. A daren da ta kwana zaune da ɗanta yana zazzaɓi ta koye shi. Saboda haka ban yarda da masu cewa raino yana tauye sana'ar mace ba, ko da yake na san nauyin haɗa su, ga goyo a baya ga jaka a kafaɗa. Wata Baturiyar Ingila, Julia Margaret Cameron, ba ta taɓa mallakar kyamara ba sai a 1863, tana da shekara 48, bayan ta raini 'ya'yanta, 'yarta ce ma ta ba ta kyauta, kuma hoton da ta fara ƙirgawa a matsayin nasara na wata ƙaramar yarinya ne. A Gana kuma Felicia Abban, wadda ta koyi aikin a wurin mahaifinta, ta buɗe ɗakin hotonta a Accra tun cikin shekarun 1950.

Ga mu Hausawa akwai wani sirri kuma. Al'adarmu ta ɗora wa uwa alkunya game da ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ƙura masa ido a gaban mutane, ƙaunarta tana tafiya a ɓoye cikin tuwon da ta ajiye masa. To, macen da aka rena da wannan tarbiyya, in ta zama mai hoto, sana'arta gaba ɗaya ƙura ido ce ga 'ya'yan mutane, kuma hoton da ta miƙa wa wata uwa shi ne zai ba wannan uwar damar kallon ɗanta a keɓe, gwargwadon yadda zuciyarta ke so, ba tare da kowa ya ce ta yi rashin kunya ba. Wannan, wallahi, hidima ce da ban ga an ƙirga ta ba.

Wani mai zurfin tunani zai iya cewa: Allah Ya hukunta wa yarinta wucewa, shin tsare ta a takarda ba dogon buri ba ne da ƙin yarda da ƙarewar duniya? Na auna wannan, na ga akasinsa ne gaskiya, domin babu abin da ke tabbatar wa mutum cewa kwanaki suna gudu kamar ya ɗauko hoton jaririn da aka aske ranar suna, nannaɗe cikin tawul, ya ɗaga kai ya ga saurayi mai gemu yana neman izinin aure. Kuma sau da yawa, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suka sha raba uwa da ɗanta, hoton nan guda shi ne abin da ya rage bayan addu'a. Abin da ke jawo tuna mutuwa da godiya ba zai zama gafala ba, sai fa in niyya ta gurɓata.

Gurɓatar tata kuwa ta hanya biyu ce a zamanin nan. Ta farko ita ce gyaran kwamfuta, inda za a ɗauki yarinya baƙa kyakkyawa a wanke mata fata har uwarta ta yi jim kafin ta gane ta, wanda wannan ha'inci ne, kuma a nan ne mai hoto ke fita daga hujjar muftin Masar, domin ta daina tsare inuwa ta koma ƙagen sura. Mafi muni, ta koya wa yarinyar tun tana ƙarama cewa halittarta tana da aibi. Ta biyu ita ce yaɗawa. Yaro ba mukallafi ba ne, ba ya iya ba da izini ko ya hana, hotonsa amana ce a wuyan manya biyu, wadda ta haife shi da wadda ta ɗauka, kuma abin da ya hau Facebook ko WhatsApp ya fita daga hannunsu har abada. Iyayenmu da ke tsoron kambun baka, suna cewa tubarkalla kafin su yabi jariri, sun san cewa ba kowane ido ya kamata ya sauka a kan yaro ba. Don haka matar da ta ƙware da gaske takan ce, “Yaya, kin yarda in nuna wannan a tallata, ko in bar muku abinku?” In aka ce a bari, sai ta tura wa uwar hoton, ta goge shi daga wayarta, ko da kuwa shi ne mafi kyawun abin da ta ɗauka a shekarar.