Wasan da Ba a Ramawa

'Yan uwa mazauna wannan unguwa, abin da na kawo a wannan fitowa ya faru ne a gabana, kuma ina cikin masu laifin, shi ya sa ya tsaya mini a rai har na ga gara in rubuta.

Bayan babbar salla aka yi walimar auren 'yar wani maƙwabcinmu. Abokan ango suka ɗauko wani yaro mai barkwanci daga wajen Mararaba, irin waɗanda ake ba lasifika su riƙe taro. Yaron yana da baiwa, ba zan hana masa ba. Ya fara da mu Kanawa da son kuɗi, wai Bakano ko a mafarki aka ba shi canji sai ya ƙirga. Ya koma kan limamai da yadda addu'armu ke tsawo idan mun hango cinyar kaza, aka yi ta nuna ni ana ƙyaƙyatawa, ni ma ina yi. Can sai ya juya kan Gwandara. Ya kawo tsohon zancen nan da ake yi, wai sunan ya samo asali ne daga "gwanda rawa da salla", ya ɗaga hannu kamar zai yi kabbara, sai ya ɓarke da rawa. Rumfa ta ɗauki shewa. Wallahi na yi dariya har da riƙe ciki.

Kusa da ni akwai wani dattijo Bagwandare wanda ya fi shekara 20 yana sahun farko a bayana, sau da yawa ma shi ke buɗe masallaci da asuba. Ban lura da shi ba sai da na ga ya laluɓi takalmansa ya fita tun kafin a raba abinci. Kwana uku ban gan shi a sahu ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan.

Washegari musu ya kaure a ƙofar shagona. Ɗana da ke karatu a jami'ar jiha nan Keffi ya ce, "Baba, ai wasa ne. Ku ma ya taɓa ku, kuka yi dariya. Me ya sa wani zai ce shi ba za a taɓa shi ba?" Ƙanena kuwa ya ce shi dama duk barkwanci ɓata lokaci ne, a hana kawai a huta. Wani tela maƙwabcina ya ce tun da Samanja da Ƙasimu Yero suka bar duniya babu sauran mai ba da dariya, yaran yanzu ihu kawai suka iya. Ɗana ya ce masa ai shi Samanja barci yake sa shi.

A kan wannan ɓangare na musun ban da ta cewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mu da muka taso da rediyo da talabijin na Kaduna, Samanja Mazan Fama ne namu. Uwargidana har gobe idan aka sa fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, sai ta manta da tukunya a kan wuta. Yaranmu kuma suna bin masu tsayawa su kaɗai a kan dandamali suna zuba da Turancin buroka, irin su Ali Baba da Basketmouth, da kuma masu gajerun bidiyo a TikTok. Abin da ke ba ka dariya ya danganta da harshen da ka tashi da shi da wahalar da ka sani. Wanda bai taɓa zama kusa da bariki ba, ba lalle ya gane daɗin Hausar Samanja ba. Wannan kamar bambancin mai son fura ne da mai son kunu, babu wanda zai shiga wuta a kansa.

Amma tambayar ɗana ita ce ta hana ni barci, don tana da nauyi. An tsokani Kanawa, an tsokani limamai, an tsokani Gwandara. Me ya raba?

Mu Hausawa ba baƙin tsokana ba ne. Muna da wasan jika da kaka, muna da na taubasai, har kuɗin shara suke bin juna a watan cika-ciki. Akwai na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. A Jamhuriyar Nijar abin ya yi ƙarfin da a 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Babarbare zai kalli Bafulatani a tsakiyar kasuwa ya ce masa bawansa ne, a yi dariya a watse. Da wani ne daban ya faɗa, da an zare sanda.

Na zauna na duba abin da ya sa wannan wasa bai haifar da gaba, sai na ga ashe yana da sharuɗɗa, ko da yake ba a rubuce suke ba. Na farko, ido da ido ake yinsa. Kana ganin fuskar abokin wasanka, idan ka ga ta canza sai ka ja baya. Na biyu, ana ramawa. Bazazzagi ba ya barin Bakano ya tafi da ta ƙarshe, kowa bakinsa a buɗe yake. Na uku, wanda shi ne babba, akwai hakki a ƙarƙashinsa. Wanda kake kira bawanka, idan ya sauka garinku kai ne mai masaukinsa, idan rigima ta same shi kai ne mai shiga tsakani, idan ya rasu kana cikin masu ɗaukar makara. Tsokanar riba ce, zumuncin shi ne uwar kuɗi. Mu 'yan kasuwa mun san wanda ke cin riba ba shi da uwar kuɗi, dukiyar wani yake ci.

To a ɗora abin da ya faru a walima a kan wannan ma'auni. Da yaron ya taɓa Kanawa, rabin rumfar Kanawa ne, a gidanmu muke, shi kansa da bakin Kano yake magana. Da ya taɓa limamai, ni ne a kujerar gaba da rawani, kuma washegari ni zan ja mutanen salla. Babu abin da ya ragu a jikina. Dama 'yan kama tun zamanin kakanni suke kwaikwayon malamai, su mai da wa'azi ya koma kan tuwo da miya, malaman na zaune suna murmushi. Wawan sarki ma a gaban sarki yake faɗar tasa. Shi kuwa dattijon nan shi kaɗai ne a cikin ɗaruruwan mutane, lasifika na hannun wani, kuma abin da aka taɓa ba hancinsa ba ne ko son kuɗinsa. Sallarsa aka taɓa, a gaban mutanen da yake bin sahu da su. Maganar ɗaya ce da wadda aka saba yi, amma babu fuska da fuska, babu ramuwa, babu hakki.

Lokaci ma yana canza magana. Fulani da Tibi abokan wasa ne na asali. Kowa ya san labarin shanun da aka ba da ajiya, mai su ya dawo aka ce masa "mun ci". Shekara da shekaru ana wannan raha. Amma bayan jinin da aka zubar tsakanin manoma da makiyaya a Binuwai da kudancin jiharmu, wajen Awe da Keana da Doma, wa zai tashi a taron da ya haɗa ɓangarorin biyu ya kawo wannan labari da lasifika? Wanda ya binne ɗansa ba zai ji shi kamar yadda kakansa ya ji ba.

Ɗana ya sake cewa, "To Baba, ai kowa ya san ba da gaske ake ba." Sai na tambaye shi yadda yake ji idan masu barkwancin Legas ko Abuja suka fito da "aboki": mai gadi da rediyo a kunne, wanda bai san lissafi ba, bai iya furta harafin Turanci ba. Ya yi shiru, don ya taɓa dawowa gida yana huci a kan haka. Kalmarmu ce mai daraja, aboki, aka mai da ita sunan wawa. Masu dariyar su ma cewa suke wasa ne. Amma ɗan uwanmu mai tura baro ko mai sayar da shayi a can shi ke karɓar sakamakon, ranar da aka yi masa ihu a tasha ko aka ƙi ba shi hayar ɗaki. Mutum ba ya tashi rana ɗaya ya raina wata al'umma. A hankali ake koya masa, kuma da dariya karatun ya fi shiga.

Laifi tudu ne. Mu da ke jin zafin "aboki", me muka yi da sunan Gwari? Idan yaro bai iya magana ba mu ce yana gwaranci. Idan mutum ya yi wauta mu ce Bagwari ne. Alhali mutanen nan Gbagyi suke kiran kansu, doyarsu muke ci, kuma a ƙasarsu aka gina Abuja da yawancinmu ke neman abinci a cikinta. A finafinanmu sau nawa aka fito da Bafulatanin daji ko Bayarabe ko Inyamuri don kawai a yi dariyar bakinsa? Ko ita kalmar Inyamuri ai daga tsokana ta fito, su Ibo ne. Ban ce duk mai kwaikwayon harshen wani mugu ba ne. Usman Baba Pategi Banufe ne, tsohon soja ne, da ya yi Samanja sojan da ya sani ya kwaikwaya, kuma ya bar shi da mutuncinsa: kana dariyarsa kana ƙaunarsa. A nan gwani ke rabuwa da mai neman dariyar araha. Idan aka tashi daga kallo, ka ƙara son mutumin da aka kwaikwaya, ko ka ƙara ganin ka fi shi?

Ga ƙanena mai cewa a hana barkwanci baki ɗaya, ban bi shi ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana raha, sai dai ba ya faɗar abin da ba gaskiya ba. A cikin sahabbai akwai wanda aka sani da ba shi dariya, bai kore shi ba. Amma ranar da Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau bishiya iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa aka yi dariya, Annabi bai bar ta ta wuce ba, ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, an gaya masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta kuma ba da dalili: mai yiwuwa wanda ake wa dariyar ya fi mai yin ta a wurin Allah. Aya ta 13 ta nuna an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna. Barkwancin kakanninmu hanyar sanin juna ce. Wanda aka yi a walimar nan kuwa, ya rufe mana ido ne daga mutumin da ke zaune a gefenmu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi wajen shekarar 1800, amma ƙasar ba kango ba ce. Gwandara da Gade da Yeskwa da Afo da Gbagyi da Eggon da Mada, da su muke kasuwa, da su muke makaranta, wasu mun haɗa jini da su. Yawancin iyayenmu fatauci ya kawo su. Kasancewar kowa na jin Hausa a garin nan amana ce a wuyanmu, domin duk abin da muka faɗa a rumfa ko muka tura a WhatsApp, suna ji, suna fahimta sarai. Shirun da suke yi ba yarda ba ce.

A rana ta huɗu na je gidan dattijon bayan la'asar. Na ce, "Baba, na zo ban haƙuri ne." Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Liman, yaron nan bai dame ni ba, abincinsa yake nema. Da a ƙofar shagonka ka faɗa mini, da na ce maka mu ne Kanawan asali, ku 'yan baya ne, mu yi dariya. Amma a can ba ni da lasifika. Na waiwaya in ga ko kai za ka haɗe rai, sai na ga haƙoranka."

Ya yafe, Allah Ya saka masa da alheri, ya kuma dawo sahunsa. Sai dai a da kullum ya biyo ta shago sai ya ce, "Bakano, yau wa ka cuta?" ni kuma in rama. Tun daga ranar, gaisuwa kawai yake yi ya wuce. Wasan gaskiya da ke tsakaninmu shi na rasa, kuma ina roƙon Allah Ya dawo da shi.

Roƙona ga masu shirya biki a unguwar nan ƙarami ne. Ku ɗauko mai barkwancinku, kowa da wanda yake so. Amma kafin a miƙa masa lasifika, uban taro ya ja shi gefe ya ce masa: ka taɓa ango, ka taɓa mu masu gida, ka taɓa liman idan ka ga dama, amma addinin mutum da asalinsa da nakasarsa ka bar su. Idan kuma ya zarce, kada mu jira a watse. Wanda ke kujerar gaba shi ya fi cancanta ya fara haɗe rai.

Allah Ya yafe mana abin da harsunanmu suka jawo da abin da muka yi wa dariya, Ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum.