Haƙƙin Waɗanda Cutar Ba Ta Kama Ba

 

'Yan'uwa, da an tayar da zancen korona sai mu koma tsohon musunmu, wannan ya ce akwai ta, wancan ya ce hanyar cin kuɗi ce. Ba musun nan zan shiga ba. Akwai bayin Allah da cutar ba ta taɓa jikinsu ba, amma suka sha wuya, wasu ma suka rasu, kuma abin da ya same su ta hannun mutane ya biyo. Masu hannun za a tambaya ranar hisabi.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, an sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta ga nata na farko ranar 11 ga Afrilu, aka sa dokar kulle, azumi ya shigo ya tarar da jama'a a rufe cikin tsananin zafi. A watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a birnin Kano da kewaye, kuma ana kyautata zaton rabi ko ɗan sama da haka suna da alaƙa da cutar. To, sauran fa?

A cikin sauran akwai dattijon da hawan jininsa ya tashi da dare, aka sa shi a adaidaita, aka je asibiti na farko aka tarar da ƙofa a garƙame, na biyu suka ce ba gado, na uku suka hango shi yana haki suka ja da baya. Akwai mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare, da mai wankin ƙoda, da mai cikin da ta daina zuwa awo don tsoro har naƙuda ta zo mata da matsala a ɗaki. Ba na gaggawar zargin likita ko nas. Mutumin da aka tura gaban mara lafiya ba safar hannu ba takunkumi, shi ma yana da 'ya'ya a gida. Nauyin yana wuyan wanda aka damƙa wa kuɗin sayen kayan kariya, yana kuma wuyanmu, mu da muke ɓoye wa likita inda muka je da abin da muke ji don kada a killace mu. Wanda ya ɓoye tarinsa ya harbi ma'aikacin jinya, aka rufe sashen asibiti a dalilinsa, yana da kamasho a wahalar duk wanda aka mayar daga ƙofar nan, ko ya san shi ko bai san shi ba.

Kulle kansa ba baƙo ba ne a addini. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarga ya ji labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya. Abdurrahman bin Aufu ya zo da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki gudu. Annobar Amwas ɗin nan ta shekara ta 18 bayan Hijira ita ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal. Amma shugaban da zai kafa hujja da Umar, ya karanta tarihin har ƙarshe. A shekarar yunwar da ake kira Ramada, Umar ɗin nan ne ya rubuta wa gwamnoninsa su turo abinci Madina, ya tsaya da kansa a kan rabo, ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har launin jikinsa ya sauya. Wanda ya rufe wa talaka ƙofar nema, ciyar da shi ta hau kansa. Ɗan dako a Kantin Kwari da mai ga-ruwa da mai wankau, rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce. In ka ce su zauna mako biyu, ka faɗa musu abin da za su ɗora a murhu.

Shi ya sa abin da ido ya gani a Oktoban 2020 yake da ciwo. Mutane suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, sai ga buhunan kayan tallafi jibge, watanni bayan an sha yunwar kulle. Hukumomi sun ce wasu kayan jiran rabo suke yi. Fasa rumbu ba halal ba ne, ba kuma zan halatta shi ba. Amma mai riƙe da makulli ya sani, abincin mayunwaci amana ce mai lokaci, in lokacin ya wuce an ci amanar ko da ba a taɓa ƙwaya ɗaya ba.

Alhaji mai shago, kai ma ga taka. Da aka sassauta kulle a Kano ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awoyi, uwa ta fito da kuɗin kwanon shinkafa ƙulle a gefen zani, ta sha turereniya, ta iso gabanka ka ce ai kaya ya tashi, alhali tsohon kaya ne da ke sito tun kafin kulle. Ta sayi rabi ta koma tana lissafin bakuna. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mai ɓoye kaya don su yi tsada mai saɓo ne. Allah Ya saka da alheri ga 'yan kasuwar da suka buɗe littafin bashi, da masu gidajen da suka ɗaga wa 'yan haya ƙafa, suka yi aiki da aya ta 280 a Suratul Baƙara wadda ta yi umarni a jinkirta wa mai ƙunci.

Makarantu sun fi wata shida a rufe. Malaman makarantun kuɗi da na Islamiyya, da yawansu ba su ga ko kwabo ba, domin iyaye sun ce ba karatu ba biya. Malamin da ya koya wa ɗanka Fatiha yana ƙarshen layinku, ka taɓa aika masa da kwanon tuwo? Almajirai kuwa, jihohin Arewa suka riƙa lodinsu a motoci ana mayar wa juna, wasu suka isa da cutar a jikinsu. Kafin a kai ga gwamna, uban yaron za a fara tambaya: watannin nan, ka san inda ɗanka ya kwana?

Annoba ba ta yi mana sallama ba. A 2023 mashaƙo ya kwantar da yara da yawa a Kano, kwalara kuma ba ta rasa leƙowa da damina. Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri guda su raba daidai. Kwamitin kowane masallaci zai iya wannan tun yanzu: a san gidajen zawarawa da marayu da masu ciwo mai daɗewa a layin, a ware asusu daga tarin Juma'a, a san mai motar da za a buga wa ƙofa in naƙuda ta zo da tsakar dare. Maigida kuma, yau da daddare ka ce uwargida ta ɗauko katin rigakafin yara ku duba tare. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo kyauta ake yin ta a asibitin sha-ka-tafi na unguwa.