TSOHON DA YA MANTA DA SUNANKA

Karatu: Zabura 71, Ishaya 46:3-4, Galatiyawa 6:2

'Yan'uwa cikin Ubangiji, ina so in fara da wani laifi nawa, gama ba daidai ba ne mai wa'azi ya nuna laifin jama'a ya ɓoye nasa.

Sa'ad da na fito daga Makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura ni wata ƙaramar Ekklesiya a ƙauye. Akwai wani dattijo a can, yana cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya a garin, da hannunsa ya kwaɓa ƙasar da aka gina majami'a. Amma lokacin da na same shi, hankalinsa ya fara gushewa. Na je gaishe shi sau uku, kowane zuwa sai ya ce, "Yaro, ɗan gidan wane ne kai?" Na ce a raina, mene ne amfanin zuwa wurin wanda ba ya gane ni? Sai na daina zuwa. Wata takwas ban taka gidan ba, ban kai masa Jibin Ubangiji ba.

Wata rana surukarsa, matar ɗansa, ta tsaya bayan sujada ta ce, "Pasto, Baba yana nan da rai fa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kunya ta kama ni. Da muka je, na tarar an sa sakata a ɗakinsa daga waje, domin ya kan fita da dare ya ɓace. Ita kuwa matar ta rame, gama shekara biyu ba ta yi barcin kirki ba. Muka tayar da wata tsohuwar waƙar sujada. Ga mamakina, mutumin da bai san sunan ɗansa ba ya bi waƙar tun daga farko har ƙarshe, hawaye suna zuba. A ranar na gane ni ne mai mantuwa, ba shi ba. Shi ciwo ya sa ya manta da ni. Ni kuwa da lafiyata na manta da shi.

1. WANNAN ABU CIWO NE

Mu kan ce da shi gigin tsufa. Waɗansu su ce jifa ne, waɗansu su ce iska, waɗansu kuma, abin baƙin ciki, su ce maita ce. Tsohuwa ta fita da tsakar dare ba zane, a tsince ta a ƙofar gidan wani tana sambatu, nan da nan a ce an kama mayya. A tambaye ta ko ita ta ci wane, ta ce i, gama ba ta san abin da a ke tambaya ba. Ku ji ni da kyau: wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda tarin fuka ya ke ciwon huhu.

A shekara ta 1901 aka kawo wata mace mai shekara 51 asibiti a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Ta manta da al'amuran gidanta, tana zargin mijinta ba dalili. Wani likita mai suna Alois Alzheimer ya lura da ita. Da ta rasu a 1906, ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga ta motse, ya ga kuma waɗansu abubuwa sun taru a cikinta sun lalata ta. Da sunansa a ke kiran irin ciwon da ya fi yawa, wato kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan larura. Wani iri kuma ya kan zo ta hanyar toshewar jijiyoyin jini, musamman ga masu hawan jini da waɗanda suka yi shanyewar jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne su ke da ciwon a shekara ta 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashen da ba su da wadata sosai. Ashe ba ciwon Turawa ba ne. A ƙasarmu ma an yi bincike. Daga 1992 likitocin Ibadan, cikinsu har da Farfesa Adesola Ogunniyi, suka haɗa kai da na Indianapolis a Amurka, suka gwada tsofaffin Yarbawa da tsofaffin baƙar fata na can. Cikin masu shekara 65 zuwa sama, sun sami wajen mutum 2 cikin 100 a Ibadan, wajen 8 cikin 100 a Indianapolis. Wannan ya nuna mana abu biyu: ciwon yana cikinmu, kuma ba kowane tsoho ne ya ke kamuwa ba. Tsufa dabam, ciwo dabam.

Ku lura da wannan kuma. Ciwon nan a hankali ya ke shiga, wata da watanni. Idan tsoho yana lafiya jiya, yau ya ruɗe farat ɗaya, wannan wani abu ne dabam: wataƙila zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki. Ku kai shi asibiti a ranar, gama irin wannan ya kan warke.

2. MUTUMIN YANA NAN

Har yanzu ba a sami maganin da ya ke warkar da ciwon ba. Akwai waɗanda su kan ɗan sassauta shi ko su rage saurinsa, shi ke nan. Amma masu bincike sun gano wani abu da ya kamata mu masu bi mu riga su sani.

Wani malami a Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya daɗe yana lura da yadda a ke bi da masu ciwon. Ya ga ba dukan lalacewarsu ce ta ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ba. Wata daga wurinmu ta ke fitowa: mu kan yi maganarsu a gabansu kamar ba su nan, mu yi musu tsawa kamar yara, mu ruɗe su, mu karɓe kowane aiki daga hannunsu. A littafinsa na 1997 ya koyar cewa a fara duban mutumin kafin a dubi ciwon.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce gare mu. Darajar mutum ba daga tunaninsa ta ke ba, daga Allah ne wanda ya yi shi cikin kamanninsa. A Ishaya 46 Ubangiji ya tuna wa jama'arsa cewa shi ya ɗauke su tun daga ciki, shi ne kuma zai ci gaba da ɗaukarsu har furfura. Jariri a ciki bai san sunan Allah ba, duk da haka Allah yana riƙe da shi. Haka tsoho wanda sunan ya kuɓuce masa. Cetonmu bai rataya a kan ƙarfin tunawarmu ba, ya rataya a kan Allah mai tunawa da alkawarinsa. Wanda ya damu domin uwarsa ba ta iya addu'a yanzu, bari zuciyarsa ta kwanta. Makiyayi ne ya ke riƙe da sunayen tumaki, ba tumaki ne su ke riƙe da nasa ba.

Ga abin da bincike ya nuna yana taimako. A 2003 Aimee Spector da abokan aikinta a London suka gwada wata hanya da mutum 201. A kan tara masu ciwon 'yan kaɗan, sau biyu a mako har mako 7, a yi waƙa, a yi hirar zamanin dā, a taɓa kayan da suka saba da su, a yi 'yan wasannin kalmomi da lissafin kuɗi. Waɗanda suka shiga taron, tunaninsu da jin daɗin zamansu sun fi na waɗanda ba su shiga ba. Daga baya aka gyara hanyar ta dace da Afirka, aka gwada ta a Tanzaniya da kuma kusa da Ibadan. Ku duba: inuwa, tabarma, waƙa, hira. Wace Ekklesiya ce ba ta da waɗannan?

An kuma gano abin da ya ke cutarwa. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya ba gwamnatin Ingila rahoto cewa ana ba masu ciwon wajen 180,000 magunguna masu ƙarfi na kwantar da hankali, kaɗan ne kuwa su ke amfana, har magungunan suna jawo mutuwar wajen mutum 1,800 kowace shekara. Saboda haka kada kowa ya sayo ƙwayar barci a kemis ya dinga ɗura wa tsoho domin gida ya huta. Wannan aikin likita ne kaɗai.

Idan tsoho ya tayar da hankali, sau da yawa akwai dalili: ciwon haƙori, ko yunwa, ko fitsari, ko tsoro. Bakinsa ya kasa faɗi, sai jikinsa ya faɗa. Idan magariba ta yi Kaka ta ɗaure kayanta ta ce za ta gida wurin uwarta, kada ka ce, "Ai uwarki ta mutu tun shekara arba'in." Za ta yi makoki sabo, gobe kuma ta sake. Ka zauna kusa da ita ka ce, "Kaka, ba ni labarin Inna." Ba hanya ta ke nema ba, kwanciyar rai ta ke nema. Ku bar mata aikin da hannunta ya sani, kamar ɓarar gyaɗa ko tsinar wake. Ku yi magana a hankali, abu ɗaya ɗaya. Ku gaya wa maƙwabta gaskiya, domin in sun gan ta a hanya su komo da ita, kada su tara mata jama'a.

3. WA ZAI ƊAUKI MAI ƊAUKA?

Yanzu na komo ga matar nan da ta tsayar da ni bayan sujada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne su ke yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin jiyyar masu wannan ciwo. Mu ma mun sani ba sai an faɗa mana ba. 'Ya'ya maza suna birni, su kan aiko da kuɗi su buga waya, surukar da ke gida ita ce da wanki da ciyarwa da tsaron dare. Sa'an nan tsohon ya ce ta sace masa kuɗi, dangi kuma su zo da Kirsimati su ce ba ta kula da shi. Ranar da haƙurinta ya ƙare ta sa sakata, mu ce ba ta da tausayi. Ina mu ke dukan kwanakin nan?

A London, Farfesa Gill Livingston ta yi bincike da mutum 260 masu jiyyar danginsu, aka buga sakamakon a 2013. An zauna da waɗansunsu sau 8 kawai, ana koya musu yadda ciwon ya ke, da yadda za su bi da halin majiyyaci, da yadda za su huta su nemi taimako. Bayan shekara 6 aka sake duba su. Waɗanda ba a koya musu ba sun ninka sauran har sau 5 wajen faɗawa cikin ciwon baƙin ciki mai tsanani. A New York kuma, Mary Mittelman ta bi ma'aurata 406, ta ga inda aka taimaki mai jiyya aka kuma tara dangi su raba aikin, majiyyaci ya kan ƙara wajen shekara ɗaya da rabi a gidansa kafin a kai shi gidan jiyya. Ashe in ka tallafi mai jiyya, mutum biyu ka tallafa.

Manzo Bulus ya umurci Galatiyawa su riƙa taya juna ɗaukar kaya masu nauyi, ya ce ta haka ne a ke cika shari'ar Kristi. Ubangijinmu kansa, yana kan gicciye cikin azaba, bai bar uwarsa haka kawai ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirinsa. A Markus 7 kuma ya tsauta wa masu fakewa da baiko domin su guje wa taimakon iyayensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kan ce ɗa na kowa ne. To, tsoho ma na kowa ne.

4. ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, dattawan kowace Ekklesiya su rubuta sunayen tsofaffin da suka daina zuwa sujada, a raba su, a riƙa ziyara kowane mako, a kai musu Jibin Ubangiji. Ko ba su gane ku ba, za su gane ƙauna. Sunanka zai gushe kafin ka kai ƙofa, amma daɗin zuwanka ya kan daɗe.

Na biyu, Zumuntar Mata da matasa su yi jeri, kowane mako wani ya karɓi mai jiyya na yini ɗaya, ta je kasuwa, ta zo sujada, ko ta yi barci. Maza kuma kada su ce aikin mata ne. Doka ta biyar ba surukai aka ba, 'ya'ya aka ba.

Na uku, kada a ji kalmar maita a bakin mai bi game da tsoho ko tsohuwa. In taro ya kewaye wata, ka zama na fari da zai tsaya a gabanta. Kada kuma kowa ya sa tsoho ya dangwala hannu a takardar gona sa'ad da hankalinsa ba ya tare da shi. Wannan sata ce, ko da ɗansa ne ya yi.

Na huɗu, mu kula da jikinmu. Wani taron masana ya nuna a 2024 cewa wajen kashi 45 cikin 100 na ciwon yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, yawan giya, rashin ji da ba a kula da shi ba, kaɗaici, da rashin karatu tun ƙuruciya. Ku auna jininku. Ku sa 'ya'yanku a makaranta, mata da maza.

Dattijon nan ya yi shekara ɗaya bayan ranar da muka yi waƙa, sa'an nan ya huta. Har ya tafi bai riƙe sunana ba. Amma an cire sakatar, surukarsa kuma ta komo sujada. Wanda ya rubuta Zabura 71 ya roƙi Allah kada ya rabu da shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya kan amsa wannan addu'a ta hannun mutane. Ko zai amsa ta wurinka a wannan mako? Ka tuna, in Ubangiji ya ja kwananka, kai ma za ka zauna a tabarmar nan, yaran da su ke kallonka yau kuwa su ne za su yi jiyyarka.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, kai da ba ka mantuwa, ka gafarta mana inda muka yi sakaci da iyayenmu. Ka ƙarfafa masu jiyya da suka gaji, ka ba masu bincike hikima, ka ba Ekklesiyarka zuciyar tausayi. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.